Masakin 'Yar Inno

A shekarar da Nasara suka sa aka fara awon hanyar mota daga Sakkwato zuwa Shagari, a shekarar ce Kulu matar Na'Allah ta hau bisa rumbu da tsakar rana. Matar aure, uwar 'ya'ya, da zane da komai! Amma bari mu bi abin daga tushe, kada a ce haukacewa ta yi.

Kulu mai zanen ƙwarya ce a Bodinga. Ƙarfe take sa wa a garwashi, in ya yi ja ta ɗauko ta bi bayan ƙwarya da shi, hayaƙi na tashi, zane na fitowa baƙi ƙirin. Babu amaryar da za a yi wa jere a unguwarsu ba a ga hannunta a ɗakin ba. Sai ga shi auren 'yarta ta fari ya taso. Safinatu za ta auri Isa, wani manomin albasa ɗan Shagari, wanda ita da kanta ta ce shi take so.

To, ka san al'adar 'yar fari. Uwa ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa, ba ta ko dubanta sosai a gaban mutane. Tun da aka yaye Safinatu kakarta Inno, uwar Na'Allah, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta. Ita Kulu sai dai ta ce “'yar Inno”, ita kuwa yarinyar ta ce mata Adda, wato yaya, yadda ta ji kawunnanta na faɗi. Kulu ta riƙe kunyar nan gam, har ana misali da ita. Ba ta taɓa tunanin akwai abin da ya ɓaci ba, sai wata rana tana bayan danga tana wanke ƙorai ta ji Safinatu na gaya wa ƙawarta.

“Adda? Ai ita ƙorai ta sani. Ran da nit tahi ma ba ta lura.”

Wallahi maganar nan ta soki Kulu. Ta tsaya da soso a hannu, idonta ya cika. Yarinyar za ta bar gidan tana ganin uwarta ba ta sonta, kuma babu bakin da Kulu za ta faɗa mata ba haka ba ne. Abu ɗaya ta iya, shi ne zane. Ta ɗauko wani masaki, ƙatuwar ƙwarya, da ta daɗe tana ɓoyo don wannan biki, ta kife shi a gabanta, ta rasa abin da za ta sa masa. Duk zanen da ta sani ta riga ta yi wa 'ya'yan wasu.

Ana cikin haka ƙanenta Maniru ya zo gaisuwa. Shi ne ke ja wa masu awon hanya sarƙar awo, daga Bodinga har Lambara, kuma bakinsa ba ya hutawa. Ya sha fura, ya goge gemu, ya ɗauki kara ya fara zane a ƙasa.

“Adda, Baturen ga da nika ma aiki, ba shi zana gari yadda mutum ka ganinai. Yadda shirwa ka ganinai shika zanawa, daga bisa. Taswira suka ce mata. Kin ga ɗaki? Zagaye ɗai na. Rijiya, ɗan ɗigo. Hanya, zare.”

Kulu ta matso. “To mutane hwa? Awaki hwa?”

“Ba shi sa su.”

“Yo gari babu mutane mi na amfaninai?”

Ta faɗi haka, amma idonta na kan zanen. Maniru ya tafi ya bar mata zagaye-zagayensa a tsakar gida, har ta hana a share wurin. Kashegari da maza suka tafi fadama wajen albasa, ta jingina tsani da babban rumbun ƙasa, ta tattare zane, ta hau.

Kai! Da ta kai sama ta waiga, sai da ta dafe ƙirji. Ashe haka gidan yake! Ga ɗakin Inno kamar faifai an kife, ga nata, ga turmi ɗan mitsitsi, ga murhu da duwatsunsa uku. Abin da ya fi ɗaukar hankalinta shi ne hanyoyin da ƙafafu suka ci a ƙasa, farare tas, daga ɗaki zuwa randa, daga randa zuwa murhu, daga murhu zuwa turken awaki. Tun da aka kawo ta gidan take taka su, ba ta taɓa ganinsu ba. Dariya ta kubce mata.

Inno ta fito da sanda tana salati. “Ke Kulu! Aljanu sunka hau ki? Sauko maza tun maƙwabta ba su gane ki ba! Wanga abin kunya har ina!”

“Inno, zo ki ga ɗakinki!”

“Ni in hau? Allah shi kiyashe ni!”

Kulu ta sauko cike da ɗoki. Tun a ranar ta fara gwaji a kan sakaina, don wuta ba ta gyaruwa, in ƙarfe ya zarce ya zarce ke nan. Da hannu ya faɗa, ta koma kan masakin. Turmi ta sa a tsakiyar gindinsa, sauran gida ya bazu kewaye da shi har zuwa baki. Ta sa zaure, ta sa magaryar da ke bayan ɗakin Inno, ta sa inda Na'Allah ke shanya albasa, har da ramin da kaza mai wuyan tsiya ke yin ƙwai a ɓoye. A can gefe ta ja zare ɗaya ya fita ta ƙofar gida ya gangara bakin masaki, hanyar Shagari ke nan.

Abin ya shige ta ƙwarai. Tana tuƙa tuwo sai ta yar da muciya ta ruga ta ƙara ɗigo. Sau biyu miya na ƙonewa. Na'Allah ya ɗanɗana ya ce, “Yau kuma da ƙarhen zane anka dama miyar?” Ba ta ko ji shi ba. Ta ga yadda ɗan akuya ke kewaya turke, ta sa. Ta ga inuwar magarya ta kai bakin randa da la'asar, ta sa.

Daga ƙarshe ta ɗauki mafi sirancin ƙarfenta ta shiga sa wasu ɗige-ɗige bibbiyu, ƙanana kamar ƙwayar gero. Sun taso daga ɗakin Inno sun bi ko'ina cikin gidan. Waɗannan kam ba a gaban kowa ta yi su ba, kuma da ta gama ta naɗe masakin a tsohon zane ta tura ƙarƙashin gado.

Ranar ɗaukar amarya gida ya cika maƙil. Mutanen Shagari sun iso da hantsi da doki da jakuna, don a koma da sauran rana. Shugabarsu Gwaggo Rabi ce, yayar uban ango, doguwar mace mai kaifin ido. Aka fito da kayan ɗaki ana nunawa, ana guɗa. Amarya na zaune bakin ɗakin Inno an lulluɓe ta. Kulu kuwa tana can ƙofar ɗakinta, ta juya baya tana tsintar wake, kamar bikin maƙwabta ake yi.

Aka kwance masakin da Kulu ta sa cikin kayan. Guɗa ta tsaya.

Gwaggo Rabi ta juya shi, ta sake juyawa, fuskarta ta canza. “Wanga mi na na? Wanga ba ado ba na. Hatimi na!” Ta ɗaga shi sama. “Ku duba, gida-gida irin na allon malamai. Ga ma igiya an ja har baki. Kiranye na anka yi, don ɗiya ta kasa zama ɗakinta ta riƙa gudowa gida. Mu za a yi ma haka?”

Wuri ya kaure. Wasu na cewa sharri ne, wasu na leƙe suna ja da baya. Gaskiya kuwa, duk wanda bai hau rumbu ba, in ya dubi zanen nan hatimi zai gani. Inno ta shiga rantsuwa, amma ita ma ba ta san mene ne ba. Gwaggo Rabi ta ce ko dai a fasa shi a gabanta, ko su juya da dokinsu.

Wata ta ɗauko taɓarya.

Ba wanda ya ga tasowar Kulu. Sai ganinta aka yi a tsakiyar mata ta riƙe masakin, waken ya watse a ƙasa. Uwar amarya a tsakar taro, kuma amaryar 'yar fari! Mata suka riƙe baki.

“Gwaggo, ki yi haƙuri ki dubo nan,” ta ce. “Wanga turmi na. Ga shi can.” Ta nuna da hannu. “Wanga ɗakin Inno. Ga magarya. Ki ɗaga kai ki gani.”

Gwaggo Rabi ta dubi masaki, ta dubi magarya, ta sake dubawa. Wata yarinya ta yi ihu, “La! Ga turken awaki!” Nan fa aka yi caa a kansa. Wannan ta ce ga randa, waccan ta ce ga zaure. Inno ta gano ramin kaza ta ce, “Ashe nan 'yar banza ka kai ƙwai!” Dariya ta ɓarke, mai taɓarya ta jingine ta. Kulu sai zuba take yi, fuska ta washe, ta manta da ko ita wace ce a wurin.

Gwaggo Rabi dai ba ta yi dariya ba. Ta sa farce a kan ƙananan ɗige-ɗigen. “Na ga gida. Waɗanga hwa? Sun bi ko'ina, kuma ban ga abin da sunka yi kama da shi ba cikin gidan ga. In ba asiri ba na, ki hwaɗi.”

Kulu ta dubi ɗige-ɗigen. Da ta ce sawun kaza ne, da an wuce wurin. Ta dubi bakin ɗakin Inno, ta ga lulluɓin ya ɗan ɗaga.

“Sawu na,” ta ce. “Nan ga turmi ta hwara tsayuwa, ina daka, nij juya kai kamar ban gani ba. Nan ta taka garwashi. Inno tad ɗauke ta, ni ina tsaye da ludayi har nik karya shi ga hannu. Nan taka zama ta yi kitson 'yar tsana. Nan taka laɓewa in ta yi ɓarna. Babu inda ta taka cikin gidan ga ban gani ba.”

“Wa?” in ji Gwaggo Rabi. Ba da mugunta ta tambaya ba, so take ta tabbata.

“'Yar Inno” na bakin Kulu, ta saba da shi kamar numfashi. Ta haɗiye shi.

“Safinatu. Ɗiyata.”

Wata tsohuwa ta ce, “A'a, Kulu, yau kunya ta ƙare!” Kulu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, ta san har ta mutu za a riƙa yi mata tsiya da wannan rana. Gwaggo Rabi ta karɓi masakin ta miƙa shi ga mai ɗaure kaya, ta ce a sa shi bisa, kada a danne.

Amma amarya ta riga ta miƙe. Ta ratso mata da lulluɓinta, ƙawaye na jan ta, ta karɓe masakin ta rungume. Ta tsaya gaban Kulu, kusa ƙwarai, yadda ba su taɓa tsayawa ba. Daga cikin mayafin murya ta fito, a shaƙe da kuka.

“Adda, ban ji da kyau ba. Ƙara hwaɗi.”