Ruwan Buta a Bakin Adaka

Bindigar mijina, Baban Asabe, adaka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danne da tsumma. Sandar ɗurinta tana da tsaga. In an zura ta tsagar ta shige, ba komai a ciki, in ta tsaya a waje kuwa akwai ɗuri. To sandar nan ya bari a fadama ambaliya ta tafi da ita. Ya sassaƙo wata, tsagar kuwa kullum sai gobe.

Rannan wansa, Yaya Shu'ibu, ya dawo da bindigar da ya ara, ya jingine ta a zaure ya yi gaba. Da la'asar aka ce dinya, agwagwar dajin nan, ta sauka a shinkafarmu. Nan take Baban Asabe ya zuba albarushi, ya danna tsumma, ya bi da dalma.

Na ce, "Baban Asabe, ka tambayi Yaya ko ya harba ta?"

"Mutum zai dawo da bindiga a ɗure ne?"

"Yaya Shu'ibu fa ake magana. Mutumin da ya manto jakinsa a kasuwar Malam Madori."

Ya ce in ji da tukunyata. Wallahi raina ya ɓaci. Ni 'yar maharbi ce, babana da hagu ya ci tuwo har ya koma ga Allah, don ɗuri kan ɗuri ya fasa masa bindiga ya tafi da yatsun damansa. Baban Asabe ya san wannan sarai, amma shi dinya kawai yake gani.

Yana shiga ɗaki neman takalmi na ɗauki buta na tuttula ruwa a bakin bindigar har ta cika. Da ya fito ya yi faɗa kamar zai ari baki.

"Adila, kanki ɗaya kuwa? Shinkafar fa?"

Na ce, "Shinkafa ana sake shukawa."

Ya zauna yana mita yana zaƙulo ɗurin da waya mai ƙugiya. Dalma ta fito, sai tsumman tsohon zanena, sai baƙin kwaɓin albarushi. Ya sake zura wayar don gogewa, ta tokare. Wata dalmar ta zubo, bayanta tsumma shuɗi, yagen rigar da duk unguwa ta san Yaya Shu'ibu da ita. Mitar ta ɗauke ɗif.

Dinya dai ta yi mana ɓarna, gefen gona guda ta share. Da magariba na ajiye masa tuwo, ina jiran ko da "sannu" ce. Sai cewa ya yi miyar ba gishiri.

Ban tashi ba. Na zauna ina kallon hannunsa na dama yana gutsuro tuwo, yatsu biyar cif, har ya suɗe kwanon.