Ɗaurin Goma

Itacen ya jiƙe, wuta ta ƙi kamawa, ga Malam Vandi a ɗaki yana rawar sanyi. Hapsatu ta hura har idonta ya yi ja. Da ta leƙa ƙarƙashin gadonsa neman ashana, sai ta ga akwatin katako cike da guntayen karan dawa, busassu ƙayau, an ɗaɗɗaure su da zare. Ta ce, "Alhamdulillahi," ta kwashe ta zuba a murhu. Nan da nan kunu ya dahu.

Maƙwabcinta ne, dangar kara ɗaya ta raba su. Tun shekarar ƙuri'a yake koyar da 'yan aji biyu a nan Mubi. Matarsa ta rasu, danginsa suna can kan dutse wajen Michika, kogi ya cika, ba mota. Wata uku tari ya kwantar da shi, asibiti suka ba shi ƙwaya suka ce ya koma gida. Shi da cocinsa, ita da sallarta, amma kullum sai ta shigo masa da kwano.

Ya yi kurɓi biyu ya ture.

"Maman Sali, jawo mini akwati. Gobe Malama Dibora za ta zo ɗauka. Ita ce za ta riƙe ajina."

Ta jawo. Ya ciro wasu kwalaye da ya zana da hannunsa: akuya a bakin gonar gyaɗa, akuya a ciki, mai gona da sanda.

"Yaro ya duba, ya rubuta labari. Farko, tsakiya, ƙarshe." Ya lalubi ƙasan akwatin. Ya sake lalubawa. "Ina karana?"

"Wane kara?"

"Na lissafi. Ɗauri ɗari, kowane goma-goma. Makaranta ba littafi. Da shi yara ke ganin goma da idonsu."

Hapsatu ta dubi kwanon. Ba ta iya ƙarya ba, ballantana ga mai ciwo.

"Malam, da shi na dafa maka kunun nan."

Ya dubi kwanon shi ma. Can ya fara dariya, dariyar ta koma tari.

"Shekara takwas ina tara shi. Ashe kurɓi biyu ne."

Tsakiyar damina ce, dawa na gona ɗanya shar. Ina za a samu busasshen kara? Ta fita tsakar gida ta tsaya. Sai ta kama dangar da ta raba gidajensu ta shiga zarewa. Ta yayyanka da wuƙa, ta ɗaɗɗaure da sauri, ta kawo masa a faifai.

Ya ɗauki ɗaya ya ƙirga da yatsa. "Tara." Ya ɗauki wani. "Sha uku. Maman Sali, yakuwa kike sayarwa?"

"Haba Malam, wa zai tsaya ƙirgawa?"

"Yaro. Abin da malami ya sa masa a hannu, shi ne goma. In tara ne, da tara zai tsufa."

Suka kwance duka. Ita tana ƙirgawa da ƙarfi, shi yana ɗaurewa, ƙulli biyu, ya ciji zaren. Wajen na ashirin zaren ya fara zame masa. Ta ce ya kwanta. Ya ƙi. Ta ce bari ta ɗaure, ya ce ɗaurinta na kasuwa ne. Tana gani numfashinsa na gajarta, ba abin da ke hannunta sai wuƙa da kara.

Aka kira azahar.

"Bari in yi salla in dawo. Kar ka taɓa komai."

"Ki roƙa mana saura saba'in."

Ta roƙa. Da ta dawo ya jingina da bango, kansa ya karkace, kara bakwai a tafin hannunsa. Ta kira shi sau uku. Sannan ta yi salati, ta rufe masa ido, ta tura mai gidanta ya gaya wa mutanen coci.

Washegari bayan an binne shi, Malama Dibora ta zo.

"Mama, wannan ne kayan? Ya ce mini ɗauri ɗari."

"Talatin ne, 'yata. Da kara bakwai."

Hapsatu ta ƙara uku a kan bakwai ɗin, ta ƙirga sau biyu, ta yi ƙulli biyu ta ciji zaren. Dibora ta ɗora akwatin a ka ta fita.

Hapsatu ta koma gida ta wurin da ta zare dangar. Daga bakin murhunta yanzu ana hango ƙofar ɗakinsa, da faifan a ƙasa, da guntun zare a ciki.