Alkawari na Tara

Ni dodon koɗi nake sayarwa a kasuwar bakin kogi ta garin Can Tho, kuma ban taɓa jin kunyar sana'ata ba. Yayata Ngat kuwa saye take yi ta mayar da su kogi. Duk ɗaya ga wata da sha biyar ga wata za ka gan ta da bokiti a bakin ruwa, tana sakinsu tana yi musu fatan alheri. A wurin kowa take saye, ban da ni. Shekara tara ke nan rabon da ta amsa gaisuwata.

Laifina ne, ba na musu. Ranar da Inna ta cika shekara da rasuwa, dangi sun cika gida, Ngat ta ɗanɗana miyata ta ce gishiri ya yi yawa. Ni kuma bakina ba shi da linzami. Na ce, "Ke da Inna take ta kiran sunanki har ta cika kina can haikali, ke ce za ki koya mini girki?" Ta ajiye tsinkayen cin abincinta, ta sa takalmi, ta fita.

Daga nan ta tsunduma ibada. Ta bar nama, ta bar kifi, har albasa da tafarnuwa ta sallama. Sauro in ya sauka a hannunta, sai dai ta hure shi. Ni kaɗai ce halittar da ba ta samu shiga cikin tausayinta ba, kuma abin yana ci mini rai, ko da yake ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Wata safiya Sau mai awara, wadda rumfarta ke jikin tawa, ta leƙo ta ce, "Lua, kin ji yayarki za ta ɗauki manyan alkawura ranar sha biyar ga wata? Na masu neman wayewar zuciya don su ceci dukkan mai rai. Shekara uku tana shiri."

Na ce, "Ta ceci kanta tukuna."

"Ke dai ba ki da kai. Kin san na taransu?"

"Ina zan sani? Ni da ko na ɗaya, na hana kisa, nake karyawa buhu-buhu kullum."

Sau ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce alkawuran goma ne manya, arba'in da takwas ƙanana, kuma na tara cikin manyan ya ce duk wanda ya zo neman gafararka da kyakkyawar magana, ba ka da ikon juya masa baya. "In ta ɗauka, kika je kika ce ta yafe miki, dole ta amsa. In ba haka ba ta karya babba tun rigar ibadarta ba ta yi datti ba."

Kai, na ji daɗin wannan dabara! Tarko ne wanda ita za ta ɗana wa kanta, ni nawa in jira. Har na tsara yadda zan tare ta a ƙofar haikali, gaban ƙawayenta masu riguna ruwan toka, in sunkuyar da kai kaɗan, ba sosai ba.

Ranar na rufe rumfa da hantsi, na wanke hannu sau uku da lemun tsami, amma ƙarnin yana nan. Na raɓe can baya kusa da inda ake tara takalma. Mutum wajen sittin ne durƙushe a layi, hayaƙin turare ya cika zauren. Ngat tana layin gaba, ta ƙara ramewa, gashinta duk ya yi fari. Ban san ya yi fari haka ba.

Malamin da ke ba da alkawuran tsoho ne tukuf, daga arewa ake ɗauko shi, sau ɗaya a shekara uku, kuma kowa na cewa wannan ne zuwansa na ƙarshe. Yakan karanta alkawari, ya ce, "Za ku iya riƙewa?" Su amsa, "Za mu iya." Sai a buga ƙararrawa.

Kisa, sata, ƙarya, sayar da giya, duk aka wuce su. Muryar Ngat ta fi ta kowa, dama mu gidanmu ba a san raɗa ba. Aka zo na tara. Malam ya karanta, ya yi tambaya, mutane suka amsa. Mai ƙararrawa ya ɗaga sanda, Malam ya tsayar da shi da hannu.

Ya ce, "Akwai muryar da ta ɓata. Ke ta gaba, tun ɗazu ke kaɗai kunnena ke ji sosai. Me ya faru?"

Ngat ta ce, "Malam, yanzu na amsa cewa ba zan yi ƙarya ba. In na amsa wannan, na karya wancan."

Wasu suka ƙunshe dariya. Malam ya ce, "Mutum nawa ne kika kasa yafe wa?"

"Ɗaya tak. Ɓeran da ya cinye mini shinkafa ma na yafe masa. Ita dai na gwada, na kasa."

"Ɗiyata, ba a ɗaukar tara a bar ɗaya. Sai ki jira wani karon."

Ta ce to, ta dafa ƙasa za ta tashi. Gwiwoyinta suka yi ƙara, har daga baya na ji.

Ka ga dabarata ta wargaje ke nan. Ba ta ɗauka ba, saboda haka babu abin da zai tilasta ta. In na buɗe baki yanzu tana iya gwale ni a gaban mutum sittin, kuma tana da gaskiya. In na yi shiru, shekara ukunta ta tafi a banza saboda ni. Na so in lallaɓa in ɗauki takalmina. Sai na tsinci kaina ina tsallake ƙafafun mutane, suna toshe hanci.

Na durƙusa gabanta, goshina har ƙasa. Jawabin da na tsara duk ya gudu.

Na ce, "Yaya, na san Inna ce ta aike ki. Ina wurin ta ce ki je ki kira malamai su yi mata karatu kafin ta tafi. Da kunnena na ji. Na sani ranar da na faɗi maganar nan, kuma na bar dangi suka tafi da ita shekara tara. Ba dole ba ne ki yafe."

Ngat ta dube ni.

Ta ce, "Kina ƙarni."

"Na wanke sau uku."

"Matsa can, kin take mini riga."

Na matsa. Ta koma ta durƙusa, ta haɗa tafin hannuwanta. Malam ya sake karanta na tara daga farko, a hankali, domin ita kaɗai, ya ce, "Za ki iya riƙewa?"

Ta saki hannu ɗaya ta laluba gefenta, ta kama wuyan hannuna, ta matse har na ji zafi.

Ta ce, "Zan gwada, Malam."

Tsohon ya ce, "Ba haka ake amsawa ba, amma tun safe ban ji amsar da ta kai wannan ba. Buga ƙararrawar."