Jiƙaƙƙen Goshi

Tun da annobar tarin nan ta shigo, aka ƙara min aiki a kan gadin kamfanin sabulu. Aka ba ni na'urar auna zafin jiki, wadda ma'aikata suka raɗa wa suna bindiga. In ta nuna kore a goshinka ka shiga, in ta nuna ja ka koma gida sati biyu ba albashi. Manaja kuwa daga falonsa yake ba da umarni ta waya, wata biyu ko ƙeyarsa ba mu gani ba.

Talaka ba ya rasa dabara. Kafin sati ya zagayo, mai shagon tsallaken titi ya fara cinikin ƙanƙara da sassafe. A manna a goshi, a goge, a shiga layi. Ina gani, ina kau da kai.

Ran Talata sai ga Yaya, wadda nake bi, a layi. Idonta jawur, bakin ɗankwalinta sharkaf, tana haɗiye tari a cikin takunkumi.

"Yaya, ba ki da lafiya," na ce ƙasa-ƙasa.

"Harba kawai, auta. Ana jira."

"An ce mai zazzaɓi ya killace kansa a ɗakinsa."

"Wane ɗakin? Wanda Inna take ciki?"

Ɗakinmu ɗaya, taga ɗaya, mu uku, ga Inna da ciwon asma. In na kore ta, za ta wuni tana tari a kan tsohuwa. In na bar ta, mata arba'in ne a sashen kwali inda take aiki, kafaɗa da kafaɗa. Na harba, ta nuna kore, na matsa mata hanya.

Wunin nan ban zauna ba. In leƙa titi, in dawo, in sake leƙawa, kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Zuwa Juma'a na ƙirga jiƙaƙƙun goshi goma sha ɗaya, duk 'yan sashen kwali. Haushin kaina nake ji, amma ina cewa ai dai Inna na tsare.

Da na tashi aiki da yammar Juma'ar, na saka bindigar a aljihu na tafi da ita gida. Na tarar da Yaya a kwance, Inna ta ɗora kanta a cinya tana shafa mata ruwa, fuska dab da fuska. Numfashin Inna yana fita da ƙyar.

Na saita goshin Inna. Ja.

Ta dubi na'urar, ta yi tari mai tsawo, sannan ta yi murmushi.

"Kai auta, ji yadda ka firgita. Maza je ka sayo min ƙanƙarar nan. Ba ita ta warkar da yayarka ran Talata ba?"