Talabijin Ta Ƙi Nuna Jikan

Tun da 'yarsu Auta ta turo bidiyon ɗanta ya fara tafiya, tsohon direban bai huta ba. Shi dai ya kalla a wayarsa, har ya haddace. Matarsa ce matsalar, don shekarun da ta yi a kan keken ɗinki sun ci mata ido. Ta kai wayar kusa da hanci, ta nisanta ta, ta miƙo masa.

"Wani abu kawai nake gani yana motsi kamar ƙwaro. Ka sa min a talabijin. Kuma kada ka ba ni labari, da idona zan ga angona."

Haka take kiran jikan, don ta ba shi haushi.

Maƙwabcinsu mai kwamfuta ya zuba masa bidiyon a filashi. Ya dawo ya soka a bayan talabijin, suka zauna. Murya ta fito tangaran, fuskar talabijin kuwa baƙi ƙirin. Ya zare, ya hura, ya mayar. Maƙwabcin ya ce matsalar haruffan da ke wutsiyar sunan bidiyon ne, ya goge MKV ya rubuta MP4. Duhun bai gusa ba.

Ita kuwa ta ce a bar mata hakan. Tana ɗinka maɓalli tana saurare: ga Auta tana "taho, taho", ga 'yar dariyar yaron, sai wani tim, sai Auta ta ƙyalƙyale.

"Ka ji ko? Yaro ya faɗi, uwarsa tana dariya. Wannan yarinya ba ta da tausayi."

Ya buɗe baki, ta ɗaga masa allura. Ya rufe. Abin yana cin sa, ga ta ta daina ɗaga wayar Auta, ga shi an hana shi magana.

Da safe ya sa hula ya nufi shagon 'yar ƙanwarsa, wadda sana'arta haɗa bidiyo. Ta ture tarin wayoyin caji daga kujera, ta ba shi wuri.

"Kawu, ai da ka kira ni na zo."

"Talabijin ɗin ce ta mutu?"

Ta buɗe fayil ɗin ta duba. "Lafiyarta ƙalau. Ka ga MKV da MP4 ɗin nan, kamar mota ce mai ɗaukar kaya. A ciki akwai ɗaurin hoto, akwai ɗaurin murya, kowanne da yadda aka matse shi don kada ya cika wuri. Salon matsewar shi ake kira kodek. Talabijin ɗinku ta buɗe motar, ta kwance ɗaurin murya don ta san shi. Na hoton sabon salo ne, H.265, an ƙera talabijin ɗin kafin ya yaɗu."

"Wato mu lambar mota muka sauya, kayan suna nan yadda suke."

"Shi ke nan, Kawu."

"To sai a sauke a sake ɗauri."

"Hoton kawai. Zan mayar da shi H.264, tsohon salon da ta iya. Muryar ba zan taɓa ta ba. Zai ɗan rage kyau, amma ido ba zai gane ba."

"Idon Innarki dai ba zai gane ba," ya ce, suka yi dariya.

Ya zauna yana kallon wani koren layi yana rarrafe a kwamfutar, tana tambayarsa ciwon gwiwarsa. Da ya cika, ta gwada a tsohuwar talabijin ɗin shagon kafin ta bar shi ya tafi.

A gida ya ja wa matarsa kujera har gaban talabijin, ya goge mata tabarau da bakin rigarsa, ya kunna.

Yaron ya bayyana, ƙato, ya cika fuskar talabijin, hannuwa a sama, ƙafafu a tale. A gabansa ubansa ne a durƙushe yana ja da baya, yana miƙo masa hannu. Yaro ya yi taku, uba ya ja baya, ya sake ja, sai ya ci karo da bokitin wanki ya kife, ƙafa sama. Tim ɗin ke nan. Yaron yana tsaye ƙyam, yana kallon ubansa da mamaki.

Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta share ido.

"Ashe suruki ne. Kai kuma ka sani, ka bar ni ina ta faɗa."

"Wa ya ɗaga min allura?"

Ba ta kula shi ba. Ta matsa ta ɗora yatsa a kumatun yaron, ta daɗe a haka. "Kunnuwanka ne ya kwaso, bawan Allah. Har tafiyar, ka ga yadda yake jefa ƙafa."

"Shi ya sa kika mace a kansa."

Ta harare shi ta saman tabarau, ta sa ya maimaita bidiyon. Sannan ta ce ya kira mata Auta, ta ji yadda bayan mijinta ya kwana.