Gashin Matan Hor Al Anz

A Dubai akwai yashi, akwai siminti, akwai tayil mai sheƙin da mutum zai duba haƙoransa a ciki, amma ƙasar da mace za ta tona da tsinke ta binne gashinta, babu. Wannan ce matsalar da Mero mai kitso ta tarar tun ranar da ta shimfiɗa darduma ta fara aiki a ɗakinta na haya a Hor Al Anz.

Duk macen da ta tashi a gidan Bahaushe ta san gashin da ya zube wajen tsifa ba shara ba ne. Ana dunƙule shi a binne, don kada tsuntsu ya yi sheƙa da shi ciwon kai ya kama mai shi, kada kuma ya faɗa hannun wadda ba ta ƙi ta ga bayanki ba. Cikin masu zuwa wurin Mero akwai masu digiri, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai matan 'yan kasuwar Naif. Dukansu sun ce camfi ne. Babu kuma wadda ta taɓa yarda a zuba nata a kwandon shara.

Sai Mero ta ɗauki nauyin. Kowace mace, Mero takan ƙulle mata nata a leda daban, da zare mai launin da ita ta san na wace ce, ta jefa a wata tsohuwar jakar Gana-mas-go bayan ƙofa. In ta je Kano ganin gida, ta binne a bayan ɗakin mahaifiyarta. Saboda wannan amanar ake hawo mata bene, ba don hannunta ya fi na 'yan Senegal da ke Deira ba. Ita ma ta sani.

Shekarar korona jirage suka tsaya, gashi kuwa bai tsaya ba. Jaka ta cika har zip ɗinta ya ɓalle, Mero ta ɗinke bakin da baƙin zare.

Wata Juma'a a watan Agusta, Rilwanu, ɗan wanta, ya zo cin tuwo kamar yadda ya saba. Ya cire hula, sai ga kai tal kamar ƙwarya.

"Innalillahi, Umara ka je ba ka gaya mini ba?" in ji Mero.

"A'a, Gwaggo, sadaka na yi da shi."

Ya miƙo mata waya. Wani jirgin ruwa ne ya tsage a gaɓar tsibirin Morishus, mai ya malala, ruwan da yake shuɗi ya koma kamar tawada. Ga mutanen garin suna aske kawunansu, suna cusa gashin cikin dogayen safuna suna jefawa a teku. Wai gashin mutum yana shan mai ya bar ruwa. Rilwanu a ofishin wani kamfanin jiragen dakon mai yake aiki. Jirgin da ya tsage ba nasu ba ne, shi ya sa tausayin ya zo musu da sauƙi. Sun sa gasa tsakanin sassan ofis, a ga wanda zai fi tara gashi.

"Abin da na samu a kaina ko cokali bai cika ba," in ji shi. "Indiyawan sashen lissafi kuwa, mace ɗaya in ta yanke, khalas, an gama da mu."

Barira tana gefe tana jiran a ƙarasa mata kalaba. Ita girki take yi a wani gidan abinci a Naif. Da can a wani gari na bakin ruwa suke, gaba da Fatakwal, mijinta yana sayen banda a hannun masunta yana aikawa Arewa. Sai bututu ya fashe. Ruwa ya yi baƙi, kifi ya taso ciki sama, wanda ya tsira kuma in an gasa shi warin kananzir yake. Kwandunan da ya aika Kano aka mayar masa da su, masunta suka jingine kwale-kwale, shi ya koma zaman gida, ita ta hau jirgi. Ta karɓi wayar ta duba da kyau.

"Allah sarki," ta ce. "Mu da namu ya malala, ko gemu babu wanda ya aske."

"Ai lokacin ba a waye ba, Anti."

"Haka ne. Kuma ruwan namu ba shuɗi ba ne, ba ya kyau a hoto."

Rilwanu ya yi dariyar yaƙe. Mero ta shiga yin sallar La'asar. Da ta fito ya tafi, ya ce a gaya mata tuwo ya yi daɗi.

Sai ranar Lahadi waya ta yi ƙara. Hajiya A'i ce, matar wani babban mai shagon takalma a Naif, wadda in ta ce kitso ya yi kyau ya yi, in ta ce mai kitso tana da abin faɗa, to sai a nemi tikitin gida.

"Mero, ina kallon wani hoto da ɗan wanki ya sa. Yana rungume da jaka yana washe baki. Jaka mai ɗinkin baƙin zare. Kamar na san ta."

Mero ta leƙa bayan ƙofa. Tsintsiya ce kawai a wurin.

"Hajiya, bari in..."

"Ba na son bari in. Shekara nawa ina ba ki kaina? Ashe fitar da shi kike yi. Yau kamfani, jiya wa ya sani? Gobe bayan Azahar muna nan tafe, ni da sauran."

Mero ta san abin da ake nufi da jiya wa ya sani. In kalmar boka ta fita daga bakin Hajiya A'i ta zaga Naif, babu kan da zai sake kwantawa a cinyarta.

Da sassafe ta sa takunkumi ta hau jirgin ƙasa zuwa dogon benen da Rilwanu yake aiki. Sanyin ciki ya ratsa mata mayafi. A zauren shiga ga jirgin dakon mai na ado cikin gilashi, a bango ga hoton kunkurun teku, ya fi ƙofar masallaci girma. Rilwanu ya sauko yana gyara hula.

"Gwaggo, wallahi na ɗauka shara ce. Na ce in rage miki."

"Sharar da ake ɗinke wa baki? Ina take?"

Ya kai ta wani ɗaki. A kan dogon tebur ga kitsattsen gashin Indiyawa shimfiɗe kamar igiyar rijiya, ga na Turawa mai ruwan zinariya. Can ƙarshe kuma ga wani baƙin tsibi. Mero ta dafa bango. Ledojin babu, zaren babu. Ya kunce su duka ya gauraya, wai don ya fi cika ido a kan sikeli.

Wata mata mai safar hannu, wadda aka ɗauko don ta tantance, ta ɗebi kaɗan daga tsibin ta murza, ta shinshina ta bayan takunkumi, ta yi doguwar magana da Turanci. Mero ta juya wurin Rilwanu.

"Me ta ce?"

"Ta ce wai ba zai yi ba."

"Saboda me?"

"Wai ya riga ya ƙoshi. Mai ya yi masa yawa, ba shi da wurin shan wani. Ta ce me kike shafa musu?"

Mero ta buɗe jakar hannunta ta fito da kwalbar basilin da ba ta rabuwa da ita. Matar ta juya kwalbar, ta nuna wani ƙaramin rubutu da yatsa, ta yi dariya.

"Ta ce ai wannan daga ɗanyen mai ake fitar da shi. In aka jefa gashin nan a teku, ƙari za a yi."

"To, madalla. Nasu mai kyan fa, yaushe zai tafi?"

Rilwanu ya sosa ƙeyar da babu komai a kanta. Ana nan ana tattaunawa, in ji shi, ba a samu hanyar aikawa ba tukuna. Mero ta dubi jirgin cikin gilashi ta ƙofa. Hoton dai ya riga ya tafi, kuma sashensu Rilwanu ya zo na biyu. Ta tattare tsibin da hannunta har ƙwayar ƙarshe, ta sa shi ya ɗauko mata jakar a ka har tasha, da kwat ɗinsa da komai.

Bayan Azahar ɗakin ya cika. Hajiya A'i ta zauna a kan kujera ɗaya tilo, sauran a ƙasa, Barira a bakin ƙofa. Mero ta ajiye jakar a tsakiya ta faɗi yadda aka yi, ba ta rage komai ba.

"A ba ni nawa," in ji Hajiya A'i.

Mero ta buɗe. Hajiya ta leƙa, ta daɗe tana leƙe. A ciki akwai nata, akwai na matar mai shagon da ke kallon na mijinta, wadda ba su gaisa ba tun wata rigimar kwantena, akwai na Barira mai girki, duk sun sarƙe.

"Yanzu wanne ne nawa?"

"Hajiya, ko ni da na tsefe ban sani ba. Wanda zai yi miki aiki da wannan, sai dai ya haɗa da rabin Naif."

Wata ta tuntsire da dariya, ta rufe baki. Hajiya ba ta yi ba. Wani abu ne daban ya tsaya mata.

"Tsaya. Kika ce sun ƙi shi?"

"Sun ƙi."

"Har da nawa? Suka karɓi na Indiyawa?"

"Wai mai ya yi yawa."

Hajiya A'i ta juya zoben hannunta. Ɗakin ya jira, Mero ta fi kowa jira.

"Wato da ba don man nan ba, da yanzu kaina yana can yana yawo a teku, kifi yana ja, tsuntsu yana ɗiba." Ta zame daga kujera ta zauna a kan darduma, ta warware ɗankwali. "Ashe tsari kike shafa mana ba mu sani ba. Shuku za ki yi mini. Kuma ki zuba shi da kyau, ban da rowa."

Mero ta gyara zama, ta jawo kan zuwa cinyarta. Kwalbar tana can kusa da ƙofa. Barira ta ɗauka, ta dubi ƙaramin rubutun da aka ce yana jiki, ta buɗe murfin ta shinshina.

"Wannan dai ba ya wari," ta ce, ta miƙa.