Turmin Acca da Babbar Gangar Miriyam

"Mama, wai gaskiya ne Malam Abednego bai taɓa buga ganga ba tunda aka haife shi?"

Miriyam ta yi mini wannan tambayar ce a shagona, Malam Abednego kuwa yana tsaye a gabana ina auna masa acca. Ji na yi kamar in shige ƙarƙashin tebur. Shi ne malamin waƙa na firamaren unguwarmu a Kafanchan, shi ne kuma mai koyar da 'yan badujalar makarantar: yara shida masu busa begila, huɗu masu ƙananan ganguna, sai 'yata mai babbar ganga.

"Miriyam, wuce ciki," na ce.

"Bar ta, Maman Miriyam." Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Gaskiya ta faɗa. Begila na sani, da do-re-mi na kwayar coci. Ganga kam, da baki nake buga ta."

Da yarinyar ta shige, sai ya rage murya. Ashe accar dalili ce kawai, magana ya kawo. Saura mako uku faretin ɗaya ga Oktoba, kuma kullum aka fita gwaji abu ɗaya ke faruwa. Yara su fara maci da kyau, kafin su kai bishiyar mangwaro kiɗa ya ƙara sauri, kafin su zagayo sun koma gudu. Jiya yara biyu 'yan aji ɗaya sun faɗi. Shugabar makaranta, Madam Hellen, ta ce laifin babbar ganga ne, tunda ita kowa ke bi. In ba a gyara ba nan da Juma'a mai zuwa za ta karɓe gangar ta ba wani.

"Ta ce kuma don lafiyar ƙafar Miriyam ne," in ji shi, yana kallon mudu maimakon fuskata.

Miriyam tana da shekara biyar ɗan acaɓa ya buge ta a bakin kasuwa. Ƙashin ƙafar hagu ya haɗe a karkace. Yanzu shekararta goma, tana tafiya, amma ba ta iya maci, ba ta iya tsayuwa mai tsawo sai ta huta. Shekara uku a jere, duk ranar fareti aikinta zama a gindin bishiya tana gadin jakunkunan 'yan ajinsu. Bana ne aka ba ta ganga, domin 'yan badujala tsayawa suke yi wuri ɗaya a tsakiyar fili.

Ba zan ɓoye ba, na kusa cewa to. Ni ce nake gasa ƙafar nan da ruwan zafi duk ranar da ta kumbura. Da na ji an ce don lafiyarta, sai wani ɓangare na zuciyata ya ji sauƙi. Da yamma na gaya wa Miriyam a hankali muna tsince wake. Ba ta yi kuka ba.

"To jaka zan koma gadi?"

Washegari na rufe shago ƙarfe biyu na tafi makarantar.

Na tsaya bayan ajin 'yan shida inda ba za ta gan ni ba. Malam Abednego yana gaba da ɗan sanda a hannu yana kaɗawa, yana ta cewa, "A hankali, a hankali, ku bi sandana." Babu mai kallon sandan. Miriyam ta fara daidai, dum, dum, dum. Da masu begila suka shigo sai na ga kafaɗunta sun fara rawa, ta sunkuyar da kai, bugun ya fara matsewa. Ƙafata ta fara motsi da kanta, bakina ya kama wata waƙa. Nan na gane. Kiɗan zumuntar matan coci ne.

Tunda ta ji ciwo, surukata Mama Lai'atu take tafiya da ita zumunta kowace Alhamis. Sauran yara suna rawa, ita tana zaune kusa da kakarta mai buga tulu. A can ta koyi kiɗa. A zumunta kuwa gwanar tulu ita ce wadda ta iya ɗaga waƙa daga sanyi ta kai ta inda tsofaffi za su jefar da sanda su shiga fili. Wadda ta riƙe bugu ɗaya daga farko har ƙarshe, cewa ake yi barci take ji. Duk yaran da ke macin nan a irin waɗannan coci-cocin suka tashi. Da sun ji ganga ta yi zafi, ƙafarsu ta san abin da za ta yi.

Na faɗa wa Malam bayan an tashi.

"Shekara goma sha biyu ina jin matan nan ta tagar ɗakin kwaya," ya ce. "Ban taɓa haɗa abin ba. Ni ina ta yi wa Miriyam tsawa, ashe ita a ganinta ƙoƙari take yi."

"To yanzu fa?"

"Sanin ciwo na samu. Magani tukuna."

Ran Asabar aka kawo mana sabuwar acca daga Fadan Kaje. Ni da Mama Lai'atu muka fito da turmi tsakar gida muna lugude, wato mu biyu a turmi ɗaya, tawa taɓaryar ta sauka, tata ta tashi. Muna cikin yi na lura da wani abu. Tsohuwar nan da ke ruɗa coci da sauri, a bakin turmi bugunta bai taɓa canjawa ba. Mun fi minti ashirin, kamar agogo.

"Mama, me ya sa a nan ba kya ƙara sauri?"

"Emilia, kina da hankali kuwa? In na yi sauri taɓarya na ya gamu da naki, goshin wa zai fashe?"

Na ajiye taɓarya na ɗauko waya na kira Malam.

Malam ya iso a kan babur ɗinsa cikin rigar zuwa biki. Ya zauna a kan benci da agogo a hannu, ya ce mu ci gaba. Ya ƙirga saukar taɓarya na rabin minti, ya bari muka yi nisa, ya sake ƙirgawa. Sau uku yana samun abu ɗaya. Ya ce kusan daidai yake da takin da yara ke bukata.

"Ticha, kallo ka zo yi?" in ji Mama. "Tashi ka karɓa. Mai koya wa yara bugu, bari mu ga naka."

Ya naɗe hannun riga. Bugu na huɗu taɓaryarsa ta daki ta Mama, acca ta watse, kaji suka taho da gudu.

"Matarka tana da haƙuri," Mama ta ce. "Kada ka kalli turmi, ɗana. Turmi ba ya zuwa ko'ina. Kalli hannuna. In nawa ya tashi, naka ya sauka. Ba kai kaɗai kake daka ba."

Miriyam tana bakin ƙofa tana dariya har da riƙe ciki. Malam ya juyo da gumi a goshi ya ce, "Yi dariyarki, Litinin ke ce a nan."

Ran Litinin na kai ƙaramin turmi makaranta, da taɓare biyu marasa nauyi. Dusa muka zuba, ba hatsi ba. Madam Hellen ta fito daga ofis ta tsaya da hannu a ƙugu.

"Malam Abednego, makaranta ce nan ko kicin?"

"Madam, kin ba ni zuwa Juma'a. Ki bar ni da kwanakina."

Ya haɗa Miriyam da Doreen, yarinyar da ta fi natsuwa cikin masu ƙananan ganguna. Kwana biyu ba su taɓa ganga ba, daka kawai, minti goma a huta, a sake minti goma. Duk sanda Miriyam ta matsa, taɓare su gamu, hannu ya yi zafi, ba sai wani ya yi mata tsawa ba. Ran Laraba ya mayar da su kan ganguna ya sa su fuskanci juna. Babbar ganga ita ce ƙafar hagu, ta Doreen ita ce dama, kowace sai ta jira 'yar'uwarta. Ya hana Miriyam kallon masu maci sam, ya ce sandan kiɗan Doreen kaɗai za ta kalla.

Ya ajiye nasa sandan. Ya daina haɗa kowa da kowa tun farko. Ganguna biyun nan kaɗai suka fara da layi ɗaya na yara. Da layin ya zagayo lafiya ya ƙara sauran ganguna, sai a ƙarshe begila, domin ya lura in sun shigo ne jini ke hawa. Yana tsaye da agogo, ya ƙirga a farko, ya ƙirga a mangwaro, ya rubuta a allo yaran su gani da idonsu. Ni kuma na kai wa mai walda tsohon ƙarfen gado ya yi wa gangar ƙafafu, don kada ta rataya a wuya, na haɗa da doguwar kujera da za ta ɗan jingina.

Ran Juma'a Madam ta zo da kujerarta ta zauna. Aka zagaya fili sau biyu. Ba wanda ya yi gudu. Ta tashi ta kakkaɓe siket ta ce, "Na gani a nan. Sai na gani a can, gaban mutane."

Ranar fareti an yi ruwa da safe, fili ya yi laushi, amma rana ta fito. Makarantu goma sha huɗu ne a gasar, mu ne na tara a jerin shiga fili. Na samu wuri kusa da igiya. Ina juyawa sai na hango abin da ban yi tsammani ba: matan zumuntarmu su kusan ashirin cikin zanen anko, sun zo mara wa jikar Lai'atu baya. Kowace da kacau-kacau a hannu.

Aka kira makarantarmu. Dum, ta. Dum, ta. Layuka suka taso a miƙe, fararen safa suna tashi tare. Begila suka shigo, bugun bai motsa ba. Sai wata ta rangaɗa guɗa, kacau-kacau suka ɗauka, tafi ya biyo baya, kuma kamar yadda aka saba, kowane zagaye ya fi na baya sauri. Wadda ke gaba tana jan su kuwa Mama ce.

Na kutsa cikin mutane. Tunda na yi aure ban taɓa karɓar abu daga hannun surukata ba sai ta miƙo, amma ran nan na kama kacau-kacau ɗinta da hannu biyu.

"Mama, don Allah. Za ku ja ta."

"Jikana ne fa, ba zan yi murna ba?"

"Ki yi bayan sun wuce. Yanzu daka take yi."

Ta dube ni, ta dubi fili, sai ta ɗaga hannu ta tsawata wa na bayanta. Wasu suka tsaya, wasu ba su ji ba. Na juya na ga kafaɗun Miriyam sun fara wannan rawar. Bugunta ɗaya ya zo da wuri har ya kusa hawa kan na Doreen. Doreen ta harare ta, irin hararar bakin turmi. Miriyam ta cije leɓe, ta ɗaga kai, ta jira. Dum. Ta. Dum. Ta. Yara suka wuce gaban manyan baƙi, suka juya kai dama gaba ɗaya, 'yan aji ɗaya a can baya suna taka ƙasa kamar su suka yi ta. Har suka fita daga fili babu layin da ya karye.

Da aka faɗi sakamako, na biyu muka zo. Malam Abednego ya zauna a kan ciyawa mai jiƙe da wandonsa na coci, yana dariya shi kaɗai. Madam Hellen ta zo da kanta har inda gangar take.

"Miriyam, gangan nan naki ne har ki gama aji shida. Amma kafin ki tafi sai kin koya wa wata."

"Da turmi, Ma?"

"Da turmi. Na ce a bar shi a ofis ɗina."

Sai a lokacin Mama ta saki matan zumuntarta. Suka kewaye yaran biyu, suka ɗaga waƙa, suka yi saurin da suke so, har Madam ta ɗan taka.

Ƙafar ta kumbura, ba zan ce ba ta kumbura ba. A keke napep na kai ta gida, kwana biyu ina gasawa, ba ta je makaranta ba sai Alhamis. Tana kwance tana buga gefen gado da yatsa, tana gaya wa babanta yadda Doreen ta harare ta a gaban dukan Kafanchan.

Ke uwa mai karanta wannan, wata rana za a zo miki da murya mai taushi a ce za a cire ɗanki daga wani abu don lafiyarsa. Mai faɗa zai iya zama mutumin kirki, kuma zuciyarki za ta so ta yarda, domin ke ce mai jinya. Kada ki amsa a tsaye a bakin shago. Rufe ƙofa ki je wurin, ki ɓuya ki saurara da kunnenki, ki gano inda yaron ya koyo abin da ake kira laifinsa. In kika ce to kafin ki je, ke ce kika cire shi, ba su ba.